Zari-rugar mata a Amurka: an yi daidai da aka fara da kaɗan, amma akwai bashi a ƙasa

Ranar 29 ga Yuni, 2025, a filin wasa na TCO da ke garin Eagan a jihar Minnesota, ƙungiyar Denver Onyx ta lallasa New York Exiles da maki 53 da 13, ta ɗauki kofi. Da wannan wasa aka rufe kakar farko ta Women's Elite Rugby, wadda ake taƙaitawa da WER, sabuwar gasar ƙwallon zari-ruga ta mata a Amurka. Ƙungiyoyi shida ne suka fafata tun daga watan Maris: waɗannan biyun, da Boston Banshees, da Chicago Tempest, da Twin Cities Gemini, sai Bay Breakers daga Kalifoniya. Kowacce na da 'yan wasa kamar 30, an kuma nuna wasannin ta intanet a tashar DAZN.

Ko a Amurkar ma labarin bai yi wata ƙara ba. Filayen ƙanana ne, ba kuma mallakar ƙungiyoyin ba ne. 'Yan kallo ba su taka kara sun karya ba. Yawancin matan da suka buga wasan ƙarshe a wannan Lahadin suna da wurin aikin da ke jiran su, domin abin da 'yar wasa ke samu a gasar bai kai ta ajiye aikinta ba. Masu gasar ba su yi rufa-rufa a kan haka ba, tun farko sun ce ba su kai matsayin da mace za ta dogara da wasan kaɗai ta ci abinci ba.

A ganina, fara abin da kaɗan shi ne daidai, kuma duk mai yi masa dariya bai san tarihin gasannin mata a wannan ƙasa ba. Sai dai akwai abin da masu yabon ke tsallakewa. Kuɗin da aka tattala ba daga sama ya faɗo ba. 'Yan wasa ne suka cike giɓin da lokacinsu da gwiwoyinsu da wuyansu, don haka bashi ne, kuma bashin da ba a sa masa ranar biya ba yakan zama kyauta ta dole.

Ga wanda bai saba da wasan ba (a wajenmu sai ɗaiɗaiku, kodayake Kano na da tsohuwar ƙungiyarta ta Barewa), mutum 15 ne a kowane ɓangare, minti 80, ƙwallo mai siffar ƙwai, ba a miƙa ta da hannu sai baya ko gefe. Wadda ta dire ƙwallon a bayan layin abokan karawa ta ci maki 5, bugun da ke biyo baya maki 2. Babu hular kwano, babu sulke irin na ƙwallon Amurka. A wajen turereniya ne za ka gane abin da nake nufi da wuya. Mata takwas daga nan, takwas daga can. Uku na sahun gaba su saƙala hannuwa a bayan juna, su sunkuya, sauran su jingina kafaɗunsu a cinyoyinsu daga baya. Alƙalin wasa ya ba da umarni, sai kawuna su shige tsakanin kafaɗun abokan karawa, kowa ya danna da iyakar ƙarfinsa. Ta tsakiyar sahun gaba hannayenta biyu duk suna rataye a kafaɗun na gefenta, ba ta da abin da za ta kare fuskarta da shi idan ginin ya rushe ƙasa. Haka za a yi ta yi har a tashi. Wannan matar ce gobe da safe za ta tsaya gaban ɗalibai a aji, ko ta shiga asibiti aikin jinya.

Kafin WER, akwai gasar da ake kira Women's Premier League tun 2009, ita ce mafi girma ga mata a ƙasar. A can 'yar wasa ce ke biya don ta buga: kuɗin rajista, kayan wasa, tikitin jirgi, ɗakin otal. Kuma Amurka ba Ingila ba ce, inda ƙungiya za ta hau bas da safe ta dawo gida da dare. Daga Boston zuwa San Francisco ya fi kilomita 4,000, kusan awa shida a sama. Wadda ba ta da hali, komai iyawarta, sai ta haƙura. Daga cikin 'yan wasan wannan tsohuwar gasa fafutukar ta taso, garuruwan da suka daɗe da ƙungiyoyi a cikinta su aka ba sababbin ƙungiyoyin, shugabar WER a kakar farko, Jessica Hammond-Graf, ita ma tsohuwar 'yar wasa ce. Babban sauyin kakar farko shi ne nauyin tafiye-tafiye da fili da masu horarwa ya koma kan gasar. Wanda bai taɓa cire kuɗin hayarsa ya sayi tikiti don ya je a kayar da shi ƙasa ba zai iya raina wannan.

Lokacin ma ba a zaɓe shi da ka ba. Ranar 30 ga Yuli, 2024, a gasar Olamfik ta birnin Paris, matan Amurka na zari-rugar 'yan bakwai-bakwai suna neman tagulla da Ostiraliya, an ba su 12 da 7, saura daƙiƙoƙi a tashi. Alex Sedrick ta karɓi ƙwallo kusa da layin gidansu, ta banke masu tare ta, ta zuba a guje tun daga can har ƙarshen fili ta dire, sannan ta buga bugun da ya kammala 14 da 12 da ƙafarta. Lambar farko ke nan da matan ƙasar suka samu a wannan wasa a Olamfik. Nan take attajira Michele Kang ta yi wa tawagar alkawarin dala miliyan 4. Ilona Maher, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ta zama wadda ta fi kowane ɗan zari-ruga, mace ko namiji, mabiya a kafofin sada zumunta. Ga Olamfik na zuwa Los Angeles a 2028, ga gasar kofin duniya ta maza a Amurka a 2031, ta mata a 2033. Ba a fafe gora ranar tafiya; ƙasar da za ta karɓi baƙuncin duniya tana buƙatar inda 'yan wasanta za su riƙa gogewa mako-mako.

To, a irin wannan yanayi na ɗoki ne ake yin kuskuren da ya kashe na baya. A 1999 mutum 90,185 suka cika filin Rose Bowl suna kallon matan Amurka sun doke Sin a wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙwallon ƙafa. Kamfanonin talabijin suka ga kasuwa ta buɗe, aka fara gasar WUSA a 2001 da ƙungiyoyi takwas, manyan filaye, manyan albashi, taurari daga ko'ina. Jarin dala miliyan 40 da aka yi lissafin zai kai shekara biyar bai wuce kakar farko ba. A Satumban 2003, ana saura kwanaki a fara wata gasar kofin duniya a ƙasar, aka rufe ta da asarar da ta kai kusan dala miliyan 100. Abin ya yi kama da wanda ya cinye jarin shagonsa a walimar buɗe shago. Ta biyu, WPS, ta yi kaka uku daga 2009 ita ma ta bi sahu. A ƙwallon kwando, gasar mata ta ABL ta mutu a tsakiyar kakarta ta uku a 1998, takwararta WNBA kuwa ta rayu ne saboda gasar maza ta NBA ta goya ta a baya shekara da shekaru. A zari-rugar maza ma, PRO Rugby kaka ɗaya tak ta yi a 2016. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mutanen WER sun ga waɗannan kaburbura, suka zaɓi ƙungiyoyi shida, gajeriyar kaka, ƙananan filaye, kuma gasar ce da kanta ke riƙe da ƙungiyoyin don kada wani mai kuɗi ya shigo ya tayar da farashi ya gudu. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

A nan ne wasu za su ce, ai dama wasan mata ba ya kawo riba, me ya sa ake wahalar da kai? Sai a tambaye su wane zari-ruga ne ke kawo riba. A Ingila, inda aka haifi wasan, manyan ƙungiyoyin maza uku sun durƙushe cikin ƙasa da shekara guda: Worcester da Wasps a 2022, London Irish a 2023. Wasps ɗin nan ta taɓa ɗaukar kofin Turai har sau biyu. Melbourne Rebels ta Ostiraliya ta rufe a 2024. Gasar maza ta Amurka, MLR, ta rasa ƙungiyoyin New York da Toronto a ƙarshen 2023, bayan kakar 2025 kuma wasu suka janye, wasu suka haɗe. Babu wanda ya ce a daina zari-rugar maza saboda haka. Idan maza suka yi asara sai a ce ana zuba jari, idan mata ne sai a ce an tabbatar ba su da kasuwa. Kasuwar kuwa an gan ta ranar 27 ga Satumba, 2025, da mutum 81,885 suka cika filin Twickenham da ke Landan a wasan ƙarshe na kofin duniya na zari-rugar mata.

Amma gasar da ta rayu ita ma tana da darasin da ya fi na waɗanda suka mutu ɗaci, kuma shi nake so masu WER su riƙe. NWSL, gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta uku a Amurka, ta fara a 2013 da irin wannan tattali. Hukumomin ƙwallon Amurka da Kanada da Meziko suka ɗauki albashin 'yan wasan ƙasashensu, sauran kuwa mafi ƙarancin albashinsu kamar dala 6,000 ne a kaka. 'Yan wasa na kwana a gidajen iyalan da suka yi musu alfarma, suna ƙananan ayyuka a gefe. Gasar ta rayu, har a 2023 ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a kan dala miliyan 240 na shekara huɗu, har 'yan Super Falcons irin su Asisat Oshoala da Michelle Alozie suka ci moriyarta. Wannan shi ne ɓangaren da ake so a ba da labari. Ɗaya ɓangaren ya fito fili a 2021, da tsofaffin 'yan wasa suka fara tona asirin masu horarwa. Binciken da Sally Yates, tsohuwar babbar jami'a a ma'aikatar shari'a ta Amurka, ta jagoranta, wanda aka fitar a Oktoban 2022, ya samu cin zarafi da lalata da zagi sun zama ruwan dare a gasar, kuma shugabanni sun sani suka kau da kai. Me ya sa mata suka yi shiru tsawon shekaru? Babu kwantiragi mai ƙarfi, babu inda za a kai ƙara, kuma kowacce ta san gasa biyu sun mutu kafin wannan. An cusa musu cewa su gode Allah da suka samu wurin bugawa, wadda ta ɗaga murya ita ce za ta rusa wa na baya. Sai a 2022, bayan kaka tara, suka samu yarjejeniyar farko tsakanin ƙungiyar 'yan wasa da gasar.

Ba ina cewa wani abu makamancin haka ya faru a WER ba ne. Abin da nake cewa shi ne ƙasar da irin wannan ciyawa ke tsirowa a kanta ita ce wadda 'yan wasa ke jin alfarma ake yi musu. A zari-ruga kuma haɗarin ya ninka, domin shirun da ake tsoro ba na cin zarafi kaɗai ba ne, har da na ciwo. Wadda kanta ya bugu tana ganin jiri, idan ta san ta faɗa za a ajiye ta kuma babu tabbacin za ta dawo, za ta ce lafiya lau take. Hukumar zari-ruga ta duniya, World Rugby, ta san girman matsalar, shi ya sa ta kawo robar kare haƙora mai na'urar auna ƙarfin bugu, ta fara amfani da ita a gasar mata ta WXV a 2023. A Amurka kuwa magani ba irin na Ingila ba ne da gwamnati ke ɗauka. Inshorar lafiyar yawancin mutane a wurin aikinsu take rataye. 'Yar wasan da jijiyar gwiwarta ta tsinke tana fuskantar tiyata da watanni na jinya, kuma aikin da za ta kasa zuwa shi ne ke riƙe da inshorar. Gasar da ba ta iya biyan cikakken albashi ba za a yi mata uzuri. Wadda za ta bar 'yar wasa da ɗawainiyar raunin da ta ji a filinta, ko da bayan kaka ta ƙare, ba ta da uzuri.

Akwai misalin da ya nuna ana iya farawa ta wata hanyar. Gasar hokin ƙanƙara ta mata, PWHL, ta fara a Janairun 2024, ita ma da ƙungiyoyi shida, amma tun kafin a buga wasan farko an sa hannu a yarjejeniyar shekara takwas da ƙungiyar 'yan wasa, mafi ƙarancin albashi dala 35,000. Gaskiya ne su suna da attajiri Mark Walter, mai ƙungiyar wasan baseball ta Los Angeles Dodgers, zari-ruga kuwa ba ta samu nata hamshaƙin ba. Kuɗin ba za a iya kwaikwaya ba. Amma rubuta haƙƙoƙi a takarda ba ya buƙatar biloniya: wa ke da ikon cire 'yar wasa daga fili idan kanta ya bugu, ina za ta kai kuka idan mai horarwa ya wuce gona da iri, me zai faru da gurbinta idan ta samu juna biyu, kashi nawa na kuɗin shiga zai koma ga 'yan wasa ranar da kuɗin suka fara shigowa. Tun ran gini ran zane.

Ko an ajiye batun adalci gefe, lissafin wasa kansa zai tilasta hakan. Manyan 'yan wasan Amurka da yawa a Ingila suke buga wasa, a gasar da aka kafa a 2017, aka sauya mata suna zuwa PWR a 2023. Kyaftin Kate Zackary da Hope Rogers da Alev Kelter duk sun yi shekaru a can. Ita kanta Maher, da ta so komawa wasan 'yan sha biyar don kofin duniya, Bristol ta nufa a Janairun 2025, mutum 9,240 suka zo kallon wasanta na farko. Wato tauraruwar da ta jawo hankalin Amurkawa zuwa wasan, tikitin Ingila ta sayar. Ba laifinta ba ne, inda gogayya take nan ɗan wasa ke zuwa. Ingila ta ba 'yan wasanta 28 cikakken kwantiragi tun Janairun 2019, an kuma ga amfaninsa. A wasan buɗe kofin duniya a Sunderland, ranar 22 ga Agusta, 2025, ta ci Amurka 69 da 7. Amurka ta yi kunnen doki 31 da 31 da Ostiraliya, ta ci Samoa 60 da nema, duk da haka ba ta fita daga rukuni ba. Ƙasar da ta ɗauki kofin duniya na farko ke nan a 1991, a Cardiff, da ta doke Ingilar 19 da 6, lokacin da kowa sa-kai yake yi. Da aka zo zamanin albashi sai aka bar ta a baya.

Za a iya kawo mini Kanada. Su da suka kafa gidauniyar neman dala miliyan 1 ta ƙasarsu wajen jama'a don shirin gasar, suka fitar da New Zealand mai riƙe da kofin, suka kai wasan ƙarshe. Abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai kada a manta da yawa daga cikinsu a ƙungiyoyin Ingila da Faransa suka goge, ciki har da Sophie de Goede da aka zaɓa gwarzuwar duniya a shekarar, kuma a ranar ƙarshe masu cikakken albashi, wato Ingila, ne suka yi nasara, 33 da 13. Ni dai ba na jin daɗin yadda ake mayar da irin wannan labari abin alfahari. Mun san shi a gida: Falcons sun ɗauki kofin Afirka a 2016, suka ƙare da zaman dirshan a otal a Abuja suna neman haƙƙinsu. Jarumtar 'yan wasa takan zama mafakar hukumomin da suka kasa sauke nauyinsu.

Saura tambayar wa zai biya. Hukumar zari-ruga ta Amurka ba ta da ƙarfin yin abin da takwararta ta ƙwallon ƙafa ta yi wa NWSL, ita da ta shigar da takardar karayar arziki a kotu a 2020. Masu zuba jari masu zaman kansu za su jira su ga 'yan kallo, 'yan kallo za su jira su ga taurari, taurari kuma suna Ingila. Wanda zai iya warware wannan ƙulli shi ne wanda ya fi kowa buƙatar filaye su cika a 2033, wato World Rugby. Ita ta kai gasar kofin duniya biyu Amurka don tana kwaɗayin kasuwar ƙasar, kuma ta riga ta nuna tana iya sa hannu a aljihu idan ta ga dama. A 2024 ta haɗa kai da hukumar Amurka da MLR aka kafa ƙungiyar maza ta Anthem a birnin Charlotte, musamman don renon matasan da za su buga wa ƙasar a 2031. Ƙungiyar ta kammala kakarta ta farko ba ta ci wasa ko ɗaya ba, kuma ba a janye tallafin ba, aka ce gini ake yi. Na yarda gini ne. Matan Amurka kuwa su ne suka taɓa ɗaukar kofin duniya, su ne suka kawo lambar Paris, su ne suka tara mutum sama da 15,000 a birnin Washington a Yulin 2025 don kallon wasan sada zumunci da Fiji. Kuɗin inshorar 'yan wasa 180 da albashin da zai riƙe ashirin ko talatin daga cikin fitattunsu a gida ya kamata ya fito daga aljihun da ya biya wa Anthem.